Su Ma a Yi Musu Gaisuwa

Idan aka yi rasuwa a Jibiya, kafin masu jana'iza su dawo daga maƙabarta an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun ɗora tukwane, labari kuma ya tsallaka iyaka. Zuwa la'asar sai ka ga motoci masu lambar Nijar sun tsaya a bakin layi, 'yan uwa daga Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi suna saukowa suna salati. Mu da su dangi ɗaya ne tun zamanin da gidan sarautar Katsina na dā ya bar birni bayan jihadi ya je ya kafa Maraɗi, kuma ranar mutuwa ce ta fi nuna hakan. A yi zaman kwana uku, a yi sadakar bakwai, a dawo ranar arba'in. Matar mamaci ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, mata na kewaye da ita. Kowa da rabonsa na gaisuwa: uwar mamaci, yayyensa da ƙannensa, surukai, har abokin cinikinsa na kasuwar Lahadi ana tsayawa a ce masa, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta."

Wanda ake tsallakewa shi ne ɗan mamacin mai shekara bakwai ko takwas. Za ka gan shi yana kai buta, yana kwashe kwanuka, ko an tura shi maƙwabta ya yi wasa don kada ya ga ana fito da makara. Baƙi za su shafa kansa su ce "Allah sarki, maraya", wani ya danƙa masa naira ɗari. Amma babba ya durƙusa a gabansa, ya dube shi ido da ido, ya yi masa gaisuwar da ake yi wa wanda ya yi rashi, wannan ba mu saba ba. Mun ɗauka yaro bai san mutuwa ba, zai manta.

Ni ban manta ba. Mahaifina direba ne, yana jan fijo tsakanin Jibiya da Maraɗi, ina aji uku na firamare ya yi haɗari a hanya ya rasu. Na ga gidanmu ya cika, na ga Inna ta ƙi cin abinci, na tambayi Goggo ina Baba, ta ce ya yi tafiya. Ban ga abin musu ba, tunda kullum cikin tafiya yake. Sai na riƙa zarcewa tasha idan an tashi makaranta, in raɓe jikin rumfar mai shayi ina duban duk motar da ta shigo daga Magama. Haka na yi ta yi har damina ta wuce. Wata rana wani ɗan kamasho, abokin mahaifina, ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, zo nan ka zauna. Wa kake jira kullum?" Na gaya masa. Ya yi shiru, ya cire hularsa ya mayar, sannan ya ce, "Babanka ba zai dawo ba. Allah ya yi masa rasuwa, ni na kama aka sa shi a kabari. Ya haƙuri?" Ya saya mini ƙosai, ban iya ci ba. Ya zauna yana ba ni labarin mahaifina: yadda ba ya karɓar kuɗin mota a hannun mai jinya, yadda yake faɗa da yaran mota idan sun ɗaure kaya da ganganci, yadda ya taɓa kwana a hanya saboda wata tsohuwa ta manta ƙullinta a Ɗan Isa ya koma ya ɗauko mata. Kusan duk abin da na sani game da halin mahaifina a wannan yammacin na ji shi.

Da Inna ta fita takaba ta koma wajen danginta a tsallaken iyaka, daga baya ta yi aure can, ta tafi da ƙanwata da ke goye. Ni aka bar ni hannun Baffa. Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa bambanta ni da 'ya'yansa ba ko a ɗinkin sallah. Sai dai a gidan ba a ambaton sunan mahaifina a gabana, wai kada a tayar wa yaro da hankali. Na ci, na sha, na yi karatu har na zama malamin firamare. Amma abin ya zauna mini irin zaman ƙayar da ta karye a tafin ƙafa: fata ta rufe, babu mai gani, kai kaɗai ka san inda ba ka iya takawa.

A tsakiyar watan Yulin 2018 aka yi ruwan nan na dare wanda babu ɗan Jibiya da zai manta. Kogi ya cika ya shigo gari mutane na barci, ya rusa ɗaruruwan gidaje, ya kashe fiye da mutum arba'in, wasu gawarwakin sai a ƙasar Nijar aka tsinto su. Manya sun zo jaje, har Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo. An raba shinkafa da barguna da tabarmi. Da aka koma makaranta bayan dogon hutu, sai na lura da wata yarinya a ajina wadda a da ba a raba ta da surutu, yanzu ko sunanta aka kira sai dai ta ɗaga hannu. Ruwan ya ci mahaifiyarta da ƙaninta. Tana zaune kullum ta riƙe wuyan hannunta na dama da na hagu, tana murzawa.

Wata Alhamis aka tashi, ta ƙi fita. Na ci gaba da duba littattafai ban ce mata komai ba. Can ta ce, "Malam, ni na sake shi." Na ajiye biro. Ta ce Innarta ce ta ba ta hannun yaron ta ce ta riƙe shi gam, ruwa ya kai mata ƙirji, hannunsa ya yi santsi ya zame. Tun ranar ba ta gaya wa kowa ba. Duk sanda ta fara kuka a gida sai a ce ta yi shiru, kuka azaba ne ga mamaci, don haka a lissafinta ta kashe ƙaninta, idan kuma ta yi kuka tana ƙara masa wuta. Shekararta tara.

Na ce mata, "'Yata, ruwan nan ya kayar da katangar siminti, ya tafi da shanu. Ko ni ne na riƙe shi, da ya ƙwace." Na gaya mata hawaye ba sa cutar da mamaci, abin da malamai suka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganar saɓo. Na ba ta labarin tasha da ɗan kamasho. Sannan na gyara zama na yi mata gaisuwa cikakkiya, ta mahaifiyarta daban, ta ƙaninta daban, na yi musu addu'a da sunayensu. Ta amsa yadda ta ji manya na amsawa, "Da godiya, Malam", sai kuma kukan ya zo, na bar ta ta yi abinta.

Mako na zagayowa ta zo da wata yarinya 'yar unguwarsu. Daga nan abin ya fara, a gindin bedi bayan aji, ba shiri, ba suna, har yau kuma bai da suna. Da suka yi yawa muka mayar da shi ranar Asabar, matata ta shigo don 'yan matan su fi sakewa. Goggo ma, wadda tsufa ya kama, ta riƙa sa a kawo ta tana yi musu tatsuniya. Na taɓa tambayarta me ya sa ta ce mini Baba ya yi tafiya. Ta ce, "Ɗan nan, mu haka muka taras, mun ɗauka tausayi ne." Na yarda da ita, tausayi ne. Amma tun daga nan idan yaro ya tambaye ta ina babansa, ba ta ƙara cewa tafiya ba.

Wasu iyaye sun yi ɗari-ɗari da farko, suna ganin tone-tone ne, ko wata baƙuwar al'ada. Limamin unguwarmu ne ya kwance wannan ƙullin. Ya tunatar da su cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ta rasu yana shekara shida, kakansa yana takwas, kuma da girmansa ya ziyarci kabarinta ya yi kuka. Ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, gidansa ya nufa, ya ce a kawo masa 'ya'yan, ya rungume su idanunsa na zuba, sannan ya sa a dafa wa iyalin abinci. Yaran ya fara nema. Mu mun riƙe dafa abincin, mun bar kiran yaran.

Da a ce ruwa ne kaɗai, da watakila zaman ya watse bayan shekara guda. Sai 'yan bindiga suka matso. Jibiya tana tsakanin dajin Rugu ta kudu da dazukan Zurmi ta yamma, ga iyaka ta arewa, ƙauyuka suka zama abin kai wa hari dare da rana. A ƙarshen Agusta zuwa Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwa, aka katse layukan waya. A Maris na 2022 aka janye sojoji daga Shimfiɗa, garin ya watse a rana ɗaya, wasu yara suka mutu a turmutsutsun gudu, dubban mutane suka kwararo Jibiya aka sauke su a makarantar sakandaren 'yan mata. Can muka koma da zamanmu na Asabar, kuma can na gane cewa abin da na sani game da maraici kaɗan ne.

Na farko, yaro mai jin yunwa ba ya labarin kowa. Kafin a ce komai sai an dafa, ko da dafa-duka ce ko kunu da ƙuli-ƙuli. A shekarun nan ne likitocin MSF suka buɗe wuraren jinyar tamowa a jihar Katsina, daga 2021, kuma wasu ƙannen yaranmu sun kwanta a can. Sannan waɗannan yaran ba labarin mutuwa aka ba su ba, da idonsu suka gani. Idan babur ya wuce da ƙarfi sai ka ga rabinsu sun kwanta a ƙasa. Mun roƙi masu kawo mana kaya su riƙa kashe babur daga nesa su turo shi.

Ba kowa ke iya magana ba, musamman maza. Sai muka riƙa ɗebo laka daga bakin kogi, irin wadda muke gina shanu da ita muna yara. Yawancinsu shanu suke yi, da raƙuma, da tukwane. Wani yaro ɗan kimanin shekara goma daga wajen Shimfiɗa, shi kullum babur yake ginawa. Yana yi masa tayoyi da kara, ya ɗora mutum uku a kai, ya tsinke tsinken tsintsiya ya rataya wa kowannensu a kafaɗa. Yakan ɗauki lokaci yana gyara rawunansu da farce. Idan ya gama ya ajiye a rana ya bushe, sai ya ɗauki dutse ya farfasa shi ya koma ya zauna. Matata ta so ta hana shi, na ce ta ƙyale shi. Ana nan wata rana, kafin ya ɗauki dutsen, ya nuna na tsakiyan da yatsa ya ce, "Malam, wannan ne. Baba ya ba shi shanun, ya ce ya tafi da su, amma duk da haka ya harbe shi." Bai ƙara komai ba. Bai daina gina baburan ba, kuma ba zan ce fushinsa ya huce ba. Amma daga ranar ya fara cin abinci a tire ɗaya da sauran yara.

Akwai kuma waɗanda ba su san ko marayu ne ba. An tafi da uban daji, an sayar da gona an kai kuɗin fansa, shiru. Ba gawa, ba makoki, uwa ba ta san ko ta shiga takaba ba. Masu rabon kayan azumi ba sa rubuta sunan irin wannan yaron, kamar yadda ba sa rubuta wanda uwa ce ta mutu ta bar shi. Mu muna karɓar duka. Ga waɗanda ke jira, liman yana zuwa ya yi addu'a da sunan wanda aka ɗauke, a gaban ɗansa, kowa ya shafa. Wani yaro ya ce mini ranar ce farkon da ya ji an ambaci sunan babansa da ƙarfi tun da aka tafi da shi, domin a gida raɗa ake yi.

Uwaye ne suka kai mu ga kwana. Wata ta ce mini, "Malam, ku da rana kuke ganinsu. Ku zo ku ga dare." Fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa, firgita, ihu, wani ya tashi ya fita da gudu yana barci. Ita kuma uwar da nata ciwon, ga ƙanana a jikinta, sai ta kai masa duka. Shi ya sa a dogon hutu muka ari wata Islamiyya mai katanga, muka kwana uku da su, maza ɓangarensu, mata ɓangarensu, da izinin iyaye da sanin mai unguwa. Zawarawan da suka fita takaba suka karɓi girki. 'Yan kasuwar Lahadi suka ba da gero da wake da manja, direbobin tasha suka ɗauki nauyin jigila. Da rana langa da ƙwallo da 'yar gala-gala da carafke, da yamma kowa ya kawo abu ɗaya da ya tuna game da wanda ya rasa: abincin da yake so, waƙar da take yi tana daka, irin faɗan da yake yi. Ana dariya a wannan zaman fiye da yadda mutum zai zata. Mazan da kabarin iyayensu ke kusa muna raka su maƙabarta, a koya musu yadda ake sallama da addu'a. Da dare kuma a kowane ɗaki akwai babba ɗaya da ba ya barci, fitila a kunne. Yaro ya farka a firgice ya tarar da ido biyu, a ba shi ruwa, a gaya masa inda yake. Wanda ya jiƙa shimfiɗa a canza masa tun kafin asuba, ba mai ji. A ganina wannan zaman daren ya fi duk abin da muke yi da rana amfani.

Wata malamar asibiti da ke taimaka mana ita ta nuna mini a waya cewa a wasu ƙasashen an daɗe da irin wannan. A jihar Bajiniya ta Amurka akwai Comfort Zone Camp, wanda Lynne Hughes ta kafa a 1998, ita ma mahaifiyarta ta rasu tana shekara 9, mahaifinta tana 12. A Ingila an kafa Winston's Wish tun 1992. Na ji daɗi da na ga marainiya ce ta fara na Amurka, domin na san abin da ya tura ta. Mun ɗauki abu ɗaya daga wajensu, wato haɗa kowane yaro da babba guda da zai kula da shi shi kaɗai har a tashi. Mu ba mu da manya masu yawa haka, sai muka riƙa haɗa ƙarami da wanda ya girme shi a shekaru da kuma daɗewa cikin rashi. Amma akwai bambancin da ba ya ɓoyuwa. Yaronsu idan an tashi gida yake komawa inda abin da ya kashe ubansa ya riga ya wuce. Namu yana komawa inda ake jin harbi. Malamar ce kuma ta koya mana iyakarmu: yaron da ya daina ci gaba ɗaya, ko yake maganar kashe kansa, ko yake ganin abin da babu, wannan ya wuce tabarma da tatsuniya, a yi masa addu'a a kuma kai shi asibiti a Katsina.

Abu ɗaya muka hana tun farko, shi ne hoto. An sha zuwa mana da buhunan shinkafa da sharaɗin a jera yaran a ɗauke su riƙe da leda a sa a Facebook. Wasu masu bayarwar da zuciya ɗaya suke yi, suna son nuna wa waɗanda suka tara kuɗin inda ya tafi. Duk da haka mun ƙi, kuma mun yi asarar kaya saboda haka. Yaron da aka jera aka ɗauka yana koyon cewa mutuwar ubansa ita ce abin nunawarsa, idan yana son samu ya langaɓe kai. Na ga yaran da suka ƙware a wannan, kuma ya fi yunwa yi musu illa.

Iyaka kuwa tana cikin kowane labari a nan. Abin da ya faru da ni da ƙanwata yana ta maimaituwa: uba ya mutu, dangin uba su riƙe manyan yara a Jibiya, uwa ta koma Nijar da ƙanana. Wasu iyalan ma gudu ne ya kai su, domin tun 2019 dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato ke zaune a jihar Maraɗi, wasu a garuruwan da aka tanadar musu irin Garin Kaka da Cadakori. Kwana ukun nan sai ya zama wurin da wa da ƙanwa ke haɗuwa su kwana a gari ɗaya. An rufe iyaka a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, dab da lokacin zamanmu, har zuwa Maris na 2024. A wannan hutun mun aika wa uwayen da ke can cewa kada a biyo da yara ta hanyar daji. Wata yarinya ta ajiye wa ƙaninta rabon naman da aka ba ta a leda har aka tashi, ta ce ko zai zo.

Abin da ya fi girgiza mu bai zo daga waje ba. Wata tsohuwar Bafulatana mai kawo nono unguwarmu ta zo da jikanta, ta ce 'yan sa-kai sun kashe ubansa a hanyar kasuwa, yaron ya daina magana, ta ji ana taimakon irinsu. Na ce ta bar shi. Kafin azahar ɗaya daga cikin masu girkinmu ta kwance zaninta na aiki ta ce, "Malam, ka yi mini haƙuri. Ba zan tuƙa tuwo in ba ɗan waɗanda suka kashe mijina ba." Na ce mata ba mu san uban yaron ya taɓa riƙe bindiga ba, ko ma ya riƙe, ɗan bai riƙe ba. Ta ce ta sani, amma zuciyarta ba za ta iya ba. Ban ga laifinta ba, kuma ban mayar da yaron ba. Wasu uwaye sun janye 'ya'yansu. Na ba sauran labarin Zannah Mustapha, lauyan Maiduguri da ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007 da yara 36, yake zaunar da 'ya'yan waɗanda Boko Haram ta kashe da 'ya'yan mayaƙanta a aji ɗaya, har aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Wani ya ce Maiduguri daban, Jibiya daban. Yaron ya sha tsangwama, an taɓa jifansa. Wanda ya fara zama kusa da shi yaron nan ne mai gina babura, ba don wani ya sa shi ba, kuma ban tambaye shi dalili ba. Yanzu yaran Fulani 'yan kaɗan suna zuwa. Mai girkin ba ta dawo ba, muna gaisawa da mutunci idan mun haɗu.

Ina dagewa a kan wannan ne saboda na san abin da mazan ke faɗa da dare. Da yawansu jira suke su girma su shiga sa-kai su rama. Na tabbata a rugage ma akwai yaran da ke kwana da irin wannan lissafi. Wa'azin haƙuri kaɗai ba ya cire shi, domin yaron da aka ce ya yi haƙuri tun kafin a saurare shi yana jin an ce masa ya rufe baki ne.

A farkon 2025 aka yi sulhu tsakanin al'ummar Jibiya da 'yan bindigar yankin. An sako mutanen da ake tsare da su, hanyoyi sun buɗe, manoma sun koma gonakin da suka shekara ba su taka ba. Ina goyon bayansa, domin na ga yadda jana'iza ta ragu. Amma manya ne suka zauna suka yi shi, kuma mutanen daji yanzu suna shigowa kasuwa. Wata Lahadi da yamma wani saurayi da ya taso a zamanmu ya zo gidana jikinsa na rawa. Ya ce, "Malam, na gan shi. Yana sayen takalma, har yana neman ragi." Ban ce masa ya yafe ba, wannan haƙƙinsa ne, shi zai bayar ko ya riƙe. Na ce ya kwana a gidana, muka yi ta magana har aka kira sallah. Ya roƙi a ɗauke masa zuwa kasuwa, na je na gaya wa kawunsa, ya amince ya riƙa tura wani.

Irinsa suna da yawa, kuma tun da aka yi sulhun masu zuwa sun ƙaru, domin hanya ta buɗe wa ƙauyukan da a da ba sa iya fitowa. Islamiyyar da muke ara ta yi mana kaɗan. A hutu mai zuwa muna shirin raba zaman biyu, ɗaya a gari, ɗaya a ƙauye, waɗanda suka fara zuwa suna ƙanana su riƙe na garin, tunda yanzu sun kai. Gero da wake za a samu, 'yan kasuwa ba su taɓa juya mana baya ba. Abin da muke nema har yanzu shi ne manya huɗu, maza biyu mata biyu, masu amana, waɗanda za su iya zaman dare.